Daminar da Gero Ya Juya Kansa Ƙasa

Can bayan duwatsu, inda hanyar fatake ba ta bi, akwai wani ƙauye da ake kira Ƙiryawa, kuma a nan ne aka taɓa yin wata damina wadda har yanzu tsofaffi ke rage murya in za su ba da labarinta. Ruwa ya sauka a kan kari, shamuwa ta iso, kowa ya saɓa sungumi ya fita. Aka yi shuka lafiya lau. Da lokacin tsiro ya yi, mutane suka je gona suka tarar da abin da ko kakanninsu ba su gani ba. Kowace ƙwayar gero ta turo saiwarta sama, fara fat, tana lilo a iska kamar gemun tsoho, tsiron kuwa ya soke kai cikin ƙasa ya nutse. Haka dawa, haka wake, har kuɓewar bayan gida. Aka tone aka juya su, gari na wayewa suka koma yadda suke. Aka kwaso sauran irin da ke rumbu aka sake shukawa, shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa.

A garin akwai wani manomi mai suna Jatau da matarsa Gwamma. 'Ya'yansu mata sun yi aure a wasu garuruwa, saura su biyu a gida. Jatau mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ta ci masa shuka sai ya kora ta a hankali. Gwamma kuwa doguwa ce miƙaƙƙiya kamar giginya, kuma duk Ƙiryawa an san in ta kafe a kan magana, sai dai a kewaye ta.

Wata rana Jatau ya ce shi sai ya ga inda tsiron nan yake zuwa. Ya ɗauki magirbi ya tafi gona ya kama haƙa a gindin wata shuka. Da rana ta take Gwamma ta kai masa fura, ta iske shi cikin rami har ƙirji, yana riƙe da karan gero mai kaurin taɓarya wanda ya miƙe ƙasa ba a ganin ƙarshensa. Ya ɗago kai zai yi mata magana, sai ta ga fuskarsa ta canja. Ya ce, "Gwamma, wani abu na ja na." Kafin ta ajiye ƙwaryar fura ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa, ya tafi, sai hularsa a bakin rami.

Gari ya taru a gonar. Ana cikin jimami sai wata murya mai kauri ta taso daga ramin. Ta ce ita muryar Dankwafau ce, Sarkin Nauyi, mai mulkin ƙarƙashin ƙasa, kuma daga bana duk abin da aka shuka wurinsa zai je. In mutanen Ƙiryawa na son abin kaiwa baki, su zo su dafa goshi a bakin ramin su kira shi ubangijinsu, ya riƙa turo musu ragowa. Wasu suka ce a yi, yunwa ba ta jira. Liman ya ce har abada. A ƙarshe maigari ya yanke cewa a ɗaure kaya a bar garin.

Gwamma ta ce ita ba za ta dafa goshi ba, ba kuma za ta yi ƙaura ba. Mata suka rirriƙe ta suna ba ta haƙuri, ta zame hannunta. Ta ci ɗamara da gyale, ta rataya goran ruwa, ta soke fartanya a ƙugu, ta yi bisimilla, ta kama karan geron nan ta fara sauka.

Ta yi ta bin karan gaɓa bayan gaɓa har hasken bakin rami ya koma kamar ƙwayar wake, daga nan ya ɓace. Hannuwanta suka sale. Can sai ta ji iska mai ɗumi, ta duba, ta ga ta ɓullo daga rufin wata duniya. Ƙasa ce a sama maimakon sararin samaniya, kuma daga rufin nan ga dukan amfanin gonar Ƙiryawa yana reto kai ƙasa, har ya riga ya fid da zangarniya manya manya. Ta gane gonarsu, ta gane ta maƙwabcinsu mai kabewa a gefe. Wani jan haske kamar na garwashi ke tasowa daga ƙasan wurin. Ta sauka har ƙarshen karan, ta saki hannu.

Tana dira ta ji kamar an aza mata buhun gishiri a kowace kafaɗa. Fartanyar da ke ƙugunta ta yi nauyin uwar maƙera, dole ta jefar. Ta shanye ruwan goran ta yar da shi. Ta tuɓe awarwaron hannunta, suka faɗi suka nutse cikin ƙasa kamar an buga su da guduma. Ta miƙa hannu ta karyo wani karan gero da ya sauko kusa, ta mai da shi sanda, ta dogara, ta ɗaga ƙafa da ƙyar.

Ƙasar ba ta yi kama da ko'ina ba. Itatuwa a kwance suke girma, suna jan ciki kamar macizai. Hayaƙi na malala a ƙasa kamar ruwa. Ta ga garken shaho da mikiya suna tafiya a ƙafa suna jan fikafikai, sun manta abin da ake yi da su. Ta iske wasu aljanu gajeru masu faɗin baya suna rarrafe suna tsince zangarniyar da ke faɗowa daga rufi. Da suka gan ta a tsaye suka dakata, suka kwashe da dariya fuskokinsu na kallon ƙasa. Babbansu ya ce kowa a tsaye yake zuwa, su dai suna nan za su ga inda za ta kai. Gwamma ta tambaye shi hanyar gidan sarkinsu. Ya ce ba a tambayar hanya a nan, ta bi gangare kawai, duk inda ya fi nauyi can ne fada.

Ta bi gangaren. Ta ratsa wani fili na tsakuwa inda duk abin da ya taɓa faɗuwa daga hannun mutane ya ɓace yake zube, allurai da zobba da kibiyoyi da gugan da igiyarsa ta tsinke a rijiya. Ta wuce wani kwari da ake ruwan duwatsu, ta raɓe a bango har ya tsagaita. Daga nan ta iso bakin wani kogi baƙi mai kaurin narkakkiyar darma. Ta jefa ganye don ta gwada, ganyen ya nutse kamar dutse. Babu gada, babu kwale-kwale.

A gaɓar kogin akwai wata tsohuwar aljana, rabin jikinta binne a ƙasa, gashinta fari dogo ya bazu ko'ina ya shige cikin turɓaya. Ta ɗago ido ta dubi Gwamma tun daga ƙafa har kai.

Ta ce, "Aminci gare ki, ya ke 'yar Adam mai tafiya a kan ƙafa biyu. Rabon da in ga wuyan da bai karye ba a wannan gaɓa, tun kogin nan yana ƙorama. Me ya kawo ki?"

Gwamma ta amsa sallama, ta ce mijinta ta biyo, da abincin garinsu.

Aljanar ta ce sunanta Saiwa. Su biyu ne tagwaye, ita da ƙanwarta Toho, kuma tun da aka halicci ƙwayar farko tare suke kwana a cikin kowane iri. In ruwa ya taɓa su, ita Saiwa sai ta bi jan Dankwafau ta yi ƙasa neman ruwa, Toho kuwa ta yi sama neman rana. Shi Dankwafau bai taɓa yafe wa Toho wannan ba. Bana ya yi mata tarko ya kama ta, ya danne ta a ƙarƙashin dutsen da yake zama a kai. Shi ya sa tsiro ya rasa mai nuna masa hanya, ita ma Saiwa ta ruɗe har 'ya'yanta na fita iska suna bushewa.

Ta ce, "Muddin yana zaune, ƙanwata ba ta da mafita. Ba a ture shi, ba a ɗaga shi. Sai dai ya tashi da kansa, shi kuwa bai taɓa tashi don kowa ba."

Gwamma ta ce a dai haye da ita kogin tukuna. Saiwa ta ce za ta shimfiɗa mata gashinta ya zama gada, amma ya tsufa, ya yi fari, ba zai ɗauki mutum a ƙasar nan ba sai an ba shi baƙi. In Gwamma ta yarda ta ba da baƙin gashinta, to, amma ta sani ba ya dawowa. Gwamma ta kwance ɗankwali ta sunkuyar da kitsonta. Tsohuwar ta shafa kanta da hannu mai sanyi, baƙin ya tsiyaye daga kan Gwamma kamar shuni daga zane, ya shiga gashin aljanar. Nan take gashin ya murɗe ya zama igiyoyi, ya miƙe ya kama ɗaya gaɓar.

Kafin ta hau, Saiwa ta ƙara da cewa, "In kin tsaya a gabansa ki tuɓe takalmi ki kafa tafin ƙafarki a ƙasa, zan riƙe ki daga ƙarƙashi. Amma ki ji da kyau, ni ƙafa kaɗai nake iya riƙewa. Baya kuwa naki ne."

Gwamma ta haye, kanta fari fat kamar auduga.

Bayan kogin ta hango birnin, wanda ake kira Birnin Sunkuye. Ganuwarsa ta baƙin dutse ce, ƙofarsa kuwa ba ta wuce tsayin gwiwa ba, an yi ta ne don duk mai shiga ya shiga rub da ciki, goshinsa na share ƙasa. Masu tsaron ƙofa suka ce mata haka ake shiga, babu wata hanya. Gwamma ta dubi ƙofar ta dubi su. Ta kwanta rigingine, ta rungume sandarta a ƙirji, ta tura kanta da diddige fuskarta na kallon sama har ta shige. Ta dafa sanda ta miƙe a ciki, masu tsaro suka bi ta da ido.

A cikin birnin ta ga mutane 'yan Adam da yawa, waɗanda ƙasa ta haɗiye daga garuruwa dabam dabam, wasu da irin tufafin da aka daina sawa tun tuni. Duk rarrafe suke, kowa da dutse ɗaure a baya, suna niƙa hatsi. A cikinsu ta gane ƙeyar Jatau. Ta kira shi da sunan da take kiransa a gida, ta ce, "Malam."

Ya karkato kai ta gefe, don ba ya iya ɗagawa. Ya daɗe yana kallon furfurarta kafin ya gane ta, sai hawaye. Ya gaya mata cewa da aka kai shi gaban sarkin bai iya jurewa ba, ya dafa goshi, kuma tun daga lokacin bayansa ya ƙi miƙewa. Ya roƙe ta kada ta ja da shi. Ya ce wanda ya durƙusa da wuri ana rage masa dutse, wanda ya yi gardama kuwa ya ga an niƙe shi kamar gyaɗa. Gwamma ta tsuguna a kan diddige ta kwance igiyar dutsen da ke bayansa, ta ture shi gefe. Ta ce masa ba ta sauko don ta taya shi niƙa ba, in zai iya ya biyo ta. Ya biyo ta da rarrafe yana kiran sunanta a hankali.

Fadar tana can ƙarshen gangare, wani kwano mai faɗi wanda komai ke zubowa cikinsa. A tsakiya ga Dankwafau zaune a kan faffaɗan dutse. Jikinsa kamar an tara rumbuna an shafe su da baƙar laka, tumbinsa ya malala ta ko'ina, idanunsa ƙanana jajaye. Fadawansa na kwance kewaye da shi. Gwamma ta tuɓe takalmi, ta tako har gabansa, ta kafa ƙafa. Ta ji wasu siraran abubuwa sun fito daga ƙasa sun naɗe mata idon sawu.

Sarkin ya ce, "Ya ke 'yar Adam, shin ba a gaya miki gaban wanda kike ba? Ni ne Dankwafau. Ruwan sama wurina yake gudu. Ki jefa dutse sama, wurina zai dawo. Tsuntsu ya gaji da shawagi, ni yake nema. Ganuwar da kakanninki suka gina ni na kwantar da ita, bayan tsohonki ni na tanƙwara shi. Tun da aka shimfiɗa ƙasa abu ɗaya ne ya raina ni, ɗan tsiron da bai kai allura ba, yana fasa ƙasa yana ba ni baya. Shi ma yau ya bi. Ke wace ce da za ki tsaya?"

Gwamma ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe, kuma ban musa ba. Aikin da aka ɗora maka ke nan, ka riƙe mu kada mu watse a iska. Amma riƙo aka ba ka, ba a ba ka sujada ba. Goshina yana da Mai shi. Ka ba ni mijina, ka sakar mana geronmu, in koma."

Ya yi wata dariya da ta sa tsakuwa ta gangaro daga bango. Ya ce zai ba ta mijin, ya kuma cika mata rumbu kowace shekara ba tare da ta taɓa fartanya ba, in dai gwiwarta ɗaya ta taɓa ƙasa. Bai ma nemi goshin ba, gwiwa kawai. Ta ce ko ɗan yatsa.

Sai ya lumshe ido ya fara ja. Ta ji kamar an aza mata turmi a ka, daga nan kamar rumbu cike da dawa, daga nan kamar dutsen da ke bayan Ƙiryawa gaba ɗaya. Ƙafafunta suka nutse har ƙwauri. Jini ya fito mata ta hanci. Ƙashin bayanta ya riƙa ƙara kamar itacen da iska ke kaɗawa, amma ta riƙe sandarta da hannu biyu, ta kafa idonta a kansa. Da ya ga dutse bai yi ba, sai ya nemo wani nauyin. Ya ɗora mata 'ya'yanta maza da ta binne tun suna goye, kowane da nauyinsa yadda ta san shi a bayanta, da ɗumin jikinsa. Ya ce suna wurinsa, in ta durƙusa za ta fi kusa da su.

Wannan ya shige ta. Gwiwarta ta dama ta karkata, ta fara yin ƙasa. Fadawa suka soma kirari. Sai ta ji wani abu ya tokare gwiwar daga gaba. Jatau ne ya rarrafo ya cusa kafaɗarsa a ƙarƙashinta, ya kafa hannuwa a ƙasa, nauyin duka ya sauko masa yana nishi. Gwamma ta ja numfashi ta mai da gwiwarta daidai.

Ta ce, "'Ya'yana ba sa wurinka. Ƙasusuwa ka riƙe, su suna inda hannunka ba ya kaiwa." Ta tofar da jinin da ke bakinta. "Amma ina da tambaya, sarki. Ka ce kowa wurinka yake faɗowa. To kai fa, ka taɓa tashi? Ga ni mace, mai furfura, da dutse a ka, kuma kai ne kake ɗaga ido kana kallona. Ashe duk ƙasar nan babu wanda nauyi ya kayar kamar kai."

Wasu daga cikin fadawan suka karkato ido a sace suna duban sarkinsu, suka ga lallai kan matar ya fi nasa bisa. Dankwafau ya ga sun gani. Ya ce da hannunsa zai dankwafe kan nan, ya dafa ƙasa, ya yunƙura, dutsen zamansa ya yi ƙara, ya ɗaga gindinsa ya miƙo hannu.

Daga ƙarƙashin dutsen wani abu siriri ya sulluɓo. Wata 'yar aljana ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, ta koɗe ta yi rawaya kamar ciyawar da tukunya ta kife a kanta. Ta tsaya tana layi, ta karkata nan ta karkata can, sannan ta miƙe cak.

Ta ce, "Ya Dankwafau, ka danne ni don in manta hanya, ba ka san kai ne kake tuna mini ita ba. A cikin duhu ba ni da ido. Janka nake saurare, inda ka ja na san can ne ƙasa, sai in ba shi baya. Ka ja da ƙarfi, sarki, don in fi gane gabana."

Toho ta yi tsalle ta shige sandar da ke hannun Gwamma. Busasshen karan ya yi kore nan take. Saiwa ta cafke gindinsa daga ƙasa, kansa ya fashe da ganye, ya harba sama yana kauri yana fid da gaɓa bayan gaɓa. Gwamma ta fizge ƙafafunta daga ƙasa, ta ji wani abu ya tsinke a idon sawunta na hagu, ba ta tsaya dubawa ba. Ta kwance ɗamararta ta ɗaure Jatau a jikin karan, ta rungume gaɓar da ke sama da shi, ta ɗaga murya ta kira dukan 'yan Adam da ke birnin su zo su kama. Wasu suka yar da duwatsunsu suka rarrafo suka kama ganye. Da yawa kuwa ko kai ba su ɗaga ba, suka ci gaba da niƙa, kuma Gwamma ba ta manta ƙeyoyin nan ba har ta mutu.

Dankwafau ya kai hannu ya kama karan, amma ƙafafunsa ba su saba ɗaukarsa ba, suka lanƙwashe, ya faɗi da wata ƙara da ta tsaga ganuwar birnin. Daga kwance ya aiko da murya a bayansu, ya ce su tafi, ba ya gaggawa, dukansu wurinsa za su dawo.

Gwamma ta leƙo ƙasa ta ce, "Gawata za ka samu. Ita ma a kan haƙarƙarin dama za a kwantar da ita, fuskarta na duban alƙibla, ba kai ba."

Karan ya ratsa rufin ƙasa da su, turɓaya na zubo musu a ka, har suka ɓullo tsakiyar gonar Jatau da hantsi. Mutanen Ƙiryawa sun riga sun ɗora kaya a kan jakuna sun kama hanya, sai suka ji ƙasa na motsi. Suka waiwaya suka ga gonaki na tsagewa ko'ina. Kowane kara da ya nutse ya lanƙwasa a gaɓa ya juyo, yana fitowa da zangarniyarsa yana kakkaɓe ƙasa, saiwoyin da ke iska kuwa suka sunkuya suka shige. Aka sauke kaya aka ruga gona. Aka iske baƙin mutane zube suna kare ido daga rana, da wata tsohuwa mai farin kai tana kwance igiya daga jikin Jatau. Sai da ta yi magana aka gane Gwamma ce.

Baƙin da suka fito tare da su, wasu suka nemi garuruwansu, wasu aka ba su fili suka zauna. Gwamma ta warke, sai dai ɗingishi da ya zauna mata a ƙafar hagu. Jatau ne abin ya ƙi. Bayansa ya ƙi miƙewa, kunya kuma ta fi ciwon. Ya shige ɗaki ya daina fita, ko masu gaisuwa ba ya so su gan shi. Gwamma ta yi faɗa, ta yi lallashi, ya ce ta ƙyale shi.

Ana saura kaɗan a yi girbi aka yi wani ruwa da iska mai ƙarfi, gari ya waye gero duk ya kwanta a gonaki. Mutane suka taho ƙofar gidan Gwamma a firgice suna cewa Dankwafau ya dawo. Ta ce iska ce, su koma su ba shi lokaci. Da rana ta fito ta yi kwana biyu tana dukan ƙasa, Gwamma ta aro jaki, ta shiga ɗaki ta ce wa Jatau yau sai ya fita, ko ya yarda ko ta kira maƙwabta su ɗauke shi. Ya san halinta, ya yarda.

Ta sauke shi a bakin gona. Karan na nan kwance cikin laka, amma kowanne ya lanƙwasa a gaɓa, kansa ya ɗago, zangarniya na duban sama. Jatau ya daɗe yana kallo. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, su karan nan ai ba su dafa wa Dankwafau goshi ba, shi ya dafa.

Gwamma ta ce, "Malam, su ma shekaranjiya fuskarsu na cikin laka. Kuma ba don kafaɗarka ba, da ni ma ina can ina niƙa."

Ya miƙo hannu ya kama zanenta, sannan damtsenta, sannan kafaɗarta. Bayansa ya yi ƙara, gumi ya keto masa, ya tsaya ya huta, ya sake yunƙurawa. Bai miƙe sosai ba, kuma bai taɓa komawa yadda yake da ba, amma tafin ƙafarsa biyu ne kaɗai a ƙasa. Ya tsaya haka yana haki, yana duban gonarsa daga sama.

Da za su koma Gwamma ta jawo jakin kusa don ya hau. Jatau ya girgiza kai.

Ya ce, "Kora shi gaba. Da ƙafa zan je."